Agwagwar Mardiyya a Cikin Kacala

Shekara biyu Mardiyya ta yi tana haɗa mutum-mutumin nan mai yankan kacala, ciyawar da ta toshe wa masuntan Guri hanyar ruwa, har ta sa mahaifinta Malam Shu'ibu ya kife kwale-kwalensa a bakin ruwa ya koma gyaran tarun mutane. Abin ko kusa bai yi kama da mutum ba: jarka biyu, farfela a baya, wuƙa a gaba. Tun bai taɓa ruwa ba aka raɗa masa Agwagwa.

Ranar gwaji, masunta suka taru a bakin ruwa, Sarkin Ruwa Ja'afaru bai ja zance ba. "In ta buɗe hanya zuwa turken can, mun ba ki mashigin nan ki yi ta aiki har damina. In ta kasa, kowa ya kama gabansa."

Agwagwa ta shiga da ƙarfinta, kacala na zubewa dama da hagu. Can sai ta yi gurnani, ta hau juyi wuri ɗaya kamar akuya a turke. Mardiyya ta danna rimot, ta kashe, ta kunna. Shiru kake ji, wai malam ya ci shirwa.

"Ai ko ba komai ta iya rawa!" in ji wani masunci. Aka kwashe da dariya, don mutanenmu ba abin da ke musu daɗi kamar ɗan boko ya kwafsa a bainar jama'a.

Kunya ta rufe Mardiyya. Duk gwajinta a tankin makaranta ta yi shi a Haɗeja, ruwa garai-garai, ko tsinke babu. Abin da ya fi ci mata rai shi ne mahaifinta na tsaye yana kallo.

Tsohon ya matso. Ya naɗe wando, ya shiga ruwa har ƙirji, ya laluba, ya zaro guntun tsohon taru da ya nannaɗe farfelar. Sannan ya tsaya yana duba karan da aka yanke.

"Ke 'yar nan, aski kawai agwagwarki ke yi. Kwana bakwai ta sake tohowa. A ƙarƙashin ruwa ake yanke kacala, ruwa ya shige ta, ta ruɓe."

"Baba, ba ka taɓa gaya mini ba."

"Kin taɓa tambaya?"

Maganar ta soke ta, amma gaskiya ce. Ta tuɓe takalmi ta bi shi cikin ruwan. Ta kwance noti, ta sauke wuƙar taƙi guda, shi kuma ya ɗaure ta da igiyar tarun, irin ƙullin da ba ya kwancewa a ruwa.

Agwagwa ta tashi a hankali, tana nishi. Sau biyu ta sake sarƙewa, sau biyu Malam Shu'ibu ya cire mata. Ana kiran la'asar ta dungure turken, masu dariyar ɗazu suka fi kowa ihu.

"Mashigi naki ne," in ji Sarkin Ruwa.

Malam Shu'ibu ya fito yana matse riga, ya dubi masuntan. "Ku zo ku kama mini mu tayar da kwale-kwalen nan. Agwagwar 'yata na bukatar mai rakiya."