Tambayar da Ba a Maimaita Ba

Eleuterio, kai ka kunyata ni, kuma kai ka sa aikin nan ya kuɓuce mini. Ba yarinyar nan mai tabarau ba, ba Crispina ba. Kai. Ni ce Eufrosina, madrinarka, wadda ta riƙe ka a gaban fada a coci ranar da aka yi maka baftisma, ka tsula mini fitsari a sabon mayafina ban ce uffan ba. Ka san ban iya rubutu ba, 'yata Rosaura ce ke riƙe da biro. Ta ce in sassauta, na ce ta rubuta yadda na faɗa ko ta ba ni wuri.

Da ƙafarka ka zo gidana ran Lahadi. Ka ce otal ɗin da kake aiki a cikin birnin Oaxaca na neman tsohuwar hannu da za ta riƙe musu girkin gargajiya. Ka ce akwai albashi, akwai kuma katin asibiti da ya haɗa har da miji. Da ka ambaci katin sai ka dubi ƙafar mijina Melitón. Ka san ciwon suga ya ci masa yatsu biyu, ka san gyambon ya ƙi rufewa tun Ista. Ka kuma san girkin biki ya mutu, yanzu waya mutane ke bugawa a kawo musu abinci a roba. Ka ce, "Madrina, ki zo kawai. 'Yan tambayoyi ne, kuma ina ciki."

Ina ciki, ka ce.

Kwana biyu na yi ina haɗa baƙin mole, miyar bikinmu, da zan kai musu. Na gasa barkono har ya yi baƙi, na ƙona 'ya'yansa a tsakar gida har maƙwabta suka fito suna tari. Melitón na zaune da ƙafarsa a kan bokiti, ya ce, "Sina, aiki za ki nema ko miji?"

Na ce, "In na samu mai yatsu goma ai zan duba."

Ya yi ta dariya har da hawaye. Rabon da in ji dariyarsa an daɗe.

Ran Laraba na shiga motar haya da tukunyar a cinyata, awa ɗaya da rabi ban bari ta girgiza ba. A ƙofar otal ka tare ni. Na miƙa maka hannu don ka sumbata kamar yadda ka saba, sai ka waiga hagu da dama, ka kama shi ka girgiza kamar wani ɗan siyasa. Na ga wani ƙarfe a ƙirjinka, na tambayi mai gadi me aka rubuta, ya ce Leo.

Na ce, "Telo, wa ya yanke maka suna?"

Ka ce, "Madrina, yi a hankali mana. Kawo tukunyar, nan ba a shiga da abinci."

Ka karɓe ta ka miƙa wa mai gadi. Na shiga hannu rabbana, kamar an tuɓe ni.

Mutum uku ne a bayan teburin. Ximena mai tabarau, wadda aka ce ita ce mai ɗaukar ma'aikata, ba ta kai Rosaura shekaru ba. Sai wani ƙaton kuku da farar hula. Sai kai a gefe da takarda. Ximena ta tambaye ka ko ka san ni, ka ce, "Wata mata ce daga can wajenmu." Na ji. Kunnuwana ba su tsufa ba.

Ta yi mini murmushi ta ce, "Doña Eufrosina, faɗa mana, me ya sa ke ce ya kamata mu ɗauka?"

Ita ba ta sani ba, a birni aka haife ta. Amma kai fa? Shekara huɗu kacal da aurenka. Kai da uwarka Bartola kuka zo gidana da kwandon burodi, da cakulan, da kyandir, da kwalbar giyar mezkal, kuka roƙe ni in yi muku girkin bikin. Na ce hannuna ya tsufa, ku je wurin wata. Kuka yi dariya, kuka sake roƙo. Na ce akwai waɗanda suka fi ni. Sai a karo na uku na karɓi kyandir ɗin. Haka ake yi tun kakannin kakanni. Mai girkin biki ba ta yabon kanta, macen da ta ce "ni na iya" ko tafasa ruwa ba za a ba ta ba. Kuma in za ki ambaci wadda ta fi ki, sai ki zaɓi wadda kowa ya san ba ta kai ba, don masu roƙo su kwashe da dariya su ce haba.

Don haka na sunkuyar da kai na ce, "'Yata, ni wace ce? Hannuna ya tsufa, idona ma ba kamar da ba. Akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba."

Ta ɗaga gira. "Akwai? Kamar wa?"

Na ce, "Kamar Crispina ta bayan coci."

Na saci kallonka ina jiran ka yi dariya. Crispina, wadda ke sayo haɗaɗɗen mole a bokiti daga kasuwa ta dama da ruwan kaza! Kai da bakinka ka taɓa cewa miyarta kwalta ce. Amma ka ƙura wa bironka ido kamar yau ka fara ganin biro. Ximena ta rubuta sunan. Ta juya ta ce, "Leo, ka san ta?" Ka ce, "Na san ta." Shi ke nan abin da ka ce.

Ta rufe takardarta ta ce, "Mun gode da gaskiyarki, doña. Ba kowa ke iya faɗin haka ba."

Rosaura, rubuta wannan ma, kar ki tsallake. Ban tashi ba. Na gyara zama, na harɗe hannuwa a cinya, ina jiran a sake tambayata. Ximena ta miƙe tsaye, ina zaune. Kukun ya yi gyaran murya, ya dubi agogo, ina zaune ina murmushi kamar wawiya. Ban san iya daɗewar ba. Sai da ka zagayo ka kama gwiwar hannuna ka ce a hankali, "An gama, señora." Señora, kamar wata baƙuwa! Nan na gane. Fuskata ta yi zafi fiye da yadda murhu ya taɓa sa ta.

A bakin ƙofa na tarar mai gadi da direbobi biyu sun buɗe tukunyar suna dangwala da tortiya, wainar masara. Mai gadin ya ce, "Mama, ki yafe mana, ƙamshi ne ya fi ƙarfinmu. Rabona da irin wannan tun kakata na da rai. Sun ɗauke ki ko?" Na fizge tukunyata na wuce. A duk otal ɗin nan su kaɗai suka san ko ni wace ce.

Kwana tara bayan haka Crispina ta ratso kasuwa da rana tsaka, da kwandon burodi a ka, kowa na kallo, har ƙofata. Ta ce, "Comadre, 'yar'uwa, otal sun ɗauke ni aikin, an ce ke kika ba da sunana. Ban taɓa sanin haka kike ganina ba." Har da hawaye. Ni kuma na shimfiɗa mata wuri, na kaɗa mata cakulan, na ce Allah ya sa albarka. Me zan ce? Bakina ne ya faɗa. Matan kasuwa kuwa yanzu in na wuce sai su ce, "Doña Sina, ba ki da wani aikin da za ki rabar?"

Melitón ko laifina bai gani ba. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ran Litinin nas ta buɗe bandejin ta ce yatsa na uku ya soma baƙi.

To, ga amsar tambayar. Ban taɓa faɗin irin wannan ba tunda uwata ta haife ni, kuma yanzu ma bango nake kallo ina faɗa. Shekara arba'in da ɗaya ina girkin biki. Na ciyar da mutum ɗari takwas a yini ɗaya da talo-talo sittin, ba wanda ya tashi da yunwa, ba wanda cikinsa ya ɓaci. Da hanci nake sanin barkono ya gasu ko ya ƙone, ko ina bayan gida. Mata ashirin na aiki a ƙarƙashina ba a jin faɗa. Ban taɓa makara ba, ban taɓa ɗaukar ko cinyar kaza zuwa gida ba sai wadda aka ba ni. A kwarin nan kaf babu wadda ta kama ƙafata a mole. Ni ya kamata ku ɗauka.

Na faɗa. Rosaura ta ce kunnuwana sun yi ja. Su yi.

Ban ce a kori Crispina ba, ita ma jikoki take ciyarwa. A ba mu tukunya biyu da wuta ɗaya, Ximena ta ɗanɗana da harshenta. Kai za ka kai mata wannan takarda, ka karanta mata da bakinka tun daga fitsarin har ƙarshe, ka gaya mata ba wata mata ba ce daga can wajenku, madrinarka ce.

Sannan ran Lahadi, in an tashi daga coci, ka zo gidana tare da Bartola. Kada ka kawo burodi, na ƙoshi da burodi. Ka tsaya a gaban uwarka da gaban ƙafar Melitón ka ba ni amsa. Kalma uku ce, "sake tambayar ta." Me ya hana ka faɗa wa Ximena, Eleuterio?