Ƙabar Maharazu

A Bunkure an yi ittifaƙi cewa ƙaba ciwon jarumai ce: wanda ya sha dakon buhunan shinkafa shanshera, shi take kamawa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin da ya sa 'yan dakon injin casa na Kura suke tsufa lafiya lau.

Shi ya sa ranar da Maharazu ya ji kumburi a matsematsinsa, murna ya yi. Dama mahaifiyarsu, Hajiya Indo, ta yanke hukunci cewa in bai noma rabonsa na gonar bakin kanal ɗin ban-ruwa da ranin nan ba, za ta miƙa wa yayansa Dattijo. Ga shi Allah ya kawo masa shaida. Mutumin da buta ce iyakar nauyin da yake ɗauka ya shiga tafiya a tale, yana gaya wa majalisa cewa aiki ne ya cinye shi. Har tabarma aka fara matsa masa. Hajiya ma ta sassauto, ta sa ana yi masa farfesu.

Dattijo bai yi musu ba. Ya ɗora shi a babur, wai tausayi, ya kai shi asibiti, ya kuma bi shi har gaban likita ya zauna.

Likitar ta duba, ta ce akwai wani tantani mai riƙe hanji a ƙasan ciki, kamar saƙar buhu. Wani an haife shi da saƙa mai ƙarfi, wani tasa sakwa-sakwa ce tun asali, sau da yawa abin na bin jini ne. Taba na ƙara cinye zaren, tari na tura hanjin ta inda ya raunana. Nauyi yakan fito da ita, amma ko ba nauyi tana zuwa. Sannan ta tambaye shi me yake ɗauka.

"Faɗa mata mana, ƙanena," in ji Dattijo a hankali.

Maharazu ya yi tari. Likita ta kalli leɓɓansa baƙaƙe, ta ce ta ji amsa. Ta ce aikin tiyata ne ƙarami, in an ɗinke ya warke, gona ba za ta gagare shi ba.

Da labari ya iso gida, Hajiya ta janye farfesun. Ta ce ubansu ma ya yi ta, aka ɗinke shi, ya koma albasarsa har ya bar duniya.

"Zaɓi ɗaya, ɗan nan. A ɗinke ka ka kama fartanya, ko Yaya ya kama gonar."

Maharazu ya auna. In aka ɗinke, ba sauran uzuri, ga rana, ga taɓo, ga sauro. Ya ce ai shi ba ya yarda a yanka halittar Allah.

Bana tumatirin Dattijo ne a bakin kanal. Maharazu kuwa yana nan a majalisa, a tale, yana yi wa samari nasiha kada su kashe kansu da aiki kamar yadda ya yi.