Juya Ki Kalli Bango

Malama ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta zauna a kansu. Ta san halinta, in ba haka ta yi ba, kafin Dogo ya gama kame-kamensa hannuwan nan sun fito sun yi masa aikin. Suna zaune a kan dogon bencin asibiti, ita a wannan gefe, ƙanenta Dogo a wancan, mahaifiyarsu a tsakiya riƙe da katinta, suna jiran a kira su wajen likitar ciwon suga.

"Tambaye ta ko ta sha maganin safe," in ji Malama.

Dogo ya taɓa kafaɗar Mama, ya dunƙule hannu ya kai baki, ya ɗaga gira. Mama ta dube shi sheƙeƙe, ta girgiza kai, ta shafa cikinta.

"Ta ce ba ta sha ba."

"Cewa ta yi ba ta jin yunwa. Abinci ka tambaye ta. Magani da yatsa biyu ake yi, sannan ka ɗan ɗaga haɓa."

"Yaya, ni fa firji nake gyarawa. Firji ba ya yi mini wannan iyayin."

Mama kurma ce tun tana zanin goyo, wani zazzaɓi ne ya tafi da kunnuwan. Ba ta taɓa shiga makarantar kurame ba, saboda haka maganar hannun da take yi tata ce ta kanta, a gida suka ƙera ta ita da marigayi mijinta. A cikinta Malama ta buɗe ido, har ta iya hannu kafin ta iya baki. Tun tana 'yar firamare ita ce bakin Mama a kasuwa, da wajen mai gidan haya, da ranar da aka yi cacar baki da maƙwabta, inda takan rage wa zagin Mama gishiri kafin ta isar da shi. Shi kuwa Dogo iyakar abin da ya iya bai wuce zo, tafi, ci, da zan mare ka ba. Me zai wahalar da kansa, tunda ga Yaya?

To ga shi Yaya za ta tafi. Wata makaranta a ƙasar waje ta ɗauke ta koyar da lissafi, jibi jirginta zai tashi, kuma ba tafiyar da ake cewa sai wata mai zuwa ba ce. Mama ce ma ta fara cewa ta je, ta ce ta gaji da ganin 'yarta tana ƙarewa a alli da ƙurar aji. Abu ɗaya ya sa Malama ta iya amsawa ba tare da zuciyarta ta tsinke ba: waya. Ta sayo wa Mama wata mai faɗin fuska, suka yi ta gwaji, ita a ɗaki, Mama a tsakar gida. Mama takan kawo wayar dab da hancinta, ta yi ta dariya, wani lokaci a tambaye ta gabas ta amsa yamma. Malama ta ɗora laifin a kan rashin ƙarfin sabis. Duk wanda ya ce mata, "Yanzu ke za ki iya barin tsohuwar nan?" amsarta ɗaya ce: "Ai ga waya. Kullum za mu gaisa ido da ido."

Aka kira su. Likitar ta san su, wata gajeriyar mata ce mai tabarau, wadda ba ta da garaje. Ta saba da zarar sun shigo ta juya wajen Malama, amma yau Malama ta riga ta.

"Likita, yau ƙanena ne zai yi fassara. Ni 'yar kallo ce."

"Ashe tafiyar ta zo. Allah ya sa a je a sa'a." Ta dubi Dogo daga sama har ƙasa. "Kai ne sabon bakin Mama ke nan? Allah ya ba ka haƙuri, don na ga hannunta ya fi bakina sauri."

Aka auna jini, aka duba ƙafafu, aka yi tambayar shayi da sukari. Dogo yana yi yana gumi, in ya kuskure Mama ta doke masa hannu ta gyara masa yatsu. Malama tana kallo, rabin ranta na dariya, rabi na ƙuna. Ba ta taɓa zaton za ta ji kishin ƙanenta a kan wannan wahalar ba, amma ta ji.

Likita ta rufe fayil, ta ce, "Tambaye ta ko akwai wani abin da ke damunta ban da wannan."

Dogo ya tambaya. Mama ta dubi likita. Can sai ta dubi Malama, ta ɗaga yatsa ɗaya ta kewaya shi a iska.

Malama ta san wannan alamar tun kafin ta san haruffa. A gidan da da hannu ake magana babu raɗa, duk abin da aka faɗa mai ido ya ji. Don haka in Mama da Baba za su yi maganar manya, sai a kewaya yatsa, yara su juya su kalli bango har sai an taɓa musu kafaɗa. Wanda ya juya baya, a gidan nan, ba ya nan. Ta ja kujerarta ta fuskanci bango, mace mai shekara talatin da ɗoriya, tana kallon hoton wata ƙafa da aka manna ana koya wa masu suga yankan farce.

"Likita, ɗan dakata," ta ji Dogo ya ce. Ta san ƙoƙari yake ya nuna wa Mama kunne, ya tuna mata cewa shi da baki zai faɗa. Sai ta ji Mama ta buga tebur da tafin hannu, bugun da ke nufin kar a ɓata mata lokaci. An ce sabo turken wawa, amma shi sabo bai bar mai wayo ba. Mama ta rufe ƙofar da ta sani, ta manta da wadda ba ta taɓa bi ba.

Dogo ya rage murya iya ƙoƙarinsa, sai dai muryar Dogo ko a rijiya aka jefa ta sai an ji ta a bakin titi.

"Ta ce ido ne. Na dama ya fi. Kamar hayaƙi... a'a, ta ce ba hayaƙi ba. Kamar an ɗiga tawada a ruwa. Tsakiyar abu ba ta gani sosai, sai gefe-gefe."

"Tun yaushe?"

Malama ta ji motsin awarwaron Mama.

"Tun kafin takardun tafiyar Yaya su fito."

"Me ya hana ta faɗa? Ai sun zo nan bayan haka."

"Ta ce wa zai faɗa a madadinta? Bakin da za ta faɗa da shi, shi ne ba ta so ya ji." Ya ci gaba da cewa, "Ta ce a waya ba ta ganin yatsu, sai dai ta ga mutum na motsi. Kintace take yi. Ta ce a ba ta magani a ɓoye, kar a gaya wa Yaya sai ta sauka can ta kama aiki."

Malama ta ƙura wa hoton ƙafar ido har ya narke. Tsoro ne ya fara kama ta, sannan haushin kanta ya biyo baya. Ita mai lissafi, an ba ta amsa a gabanta kullum, ta ce sabis ne. Wuyanta ya yi ta ja yana so ya juya. Ba ta juya ba. Tun da take ba ta taɓa juyowa ba a taɓa ta ba, kuma ba ta ga dalilin da za ta kunyata tsohuwar a gaban baƙuwa ba.

Likitar ta yi gyaran murya. Da ta yi magana, a hankali ta yi ta, da ɗan ƙarfi, yadda duk mai kunne a ɗakin zai samu rabonsa.

"Zan tura ta sashen ido cikin makon nan, kar a yi wasa. Suga yakan taɓa ido haka. Sau da yawa ana iya tsayar da shi, a tsare abin da ya rage. Abin da ya riga ya tafi kuwa, ba zan yi muku alkawari ba. Kuma tana bukatar mai kawo ta kowane zuwa, ba fashi."

"Ni zan riƙa kawo ta," in ji Dogo.

Sai ga yatsun Mama a kafaɗarta. Malama ta goge fuska da gefen mayafi kamar mai share gumi, ta juyo. Mama ta yi mata murmushi, ta dafa gwiwa, ta yatsina fuska: ciwon gwiwa ne kawai, maganar tsofaffi. Malama ta gyaɗa kai, ta ce da hannu, Allah ya sawwaƙe.

A hanyar tasha suka bar Mama ta ɗan yi gaba, suka yi magana kai a sunkuye don kar ta waiwayo ta karanci leɓɓansu.

"Yaya, wallahi na rage murya."

"Na ji yadda ka rage. Har masu jiran layi sun ji." Ta ja numfashi. "Fasawa zan yi."

"Ki fasa ki zauna ki yi me? Ke likitar ido ce? Kin ajiye aikinki na nan, kin sallami ɗakinki. In kika zauna, ita za ta ce ita ta karya miki ƙafa, wannan kuma sai ya fi idon cin ta."

"In idon ya tafi fa, ina can? Da me zan yi mata magana? Ba ta jin muryata, ba ta ganin hannuna. Sai in zama wadda ta mutu tana aiko da kaya."

Dogo ya ɗaga hannu. Ya tsayar musu da bas.

Sun samu kujerar baya, Mama a jikin taga, Malama a tsakiya, Dogo ya naɗe dogayen ƙafafunsa a gefe. Motar ta cika, kwandasta na ta faɗa da wani mai buhu. Mama tana kallon waje, ta ɗan karkata kai gefe, irin karkatawar da Malama ta daɗe tana gani ba ta tambaya ba.

Ba ta shirya abin da ta yi ba. Ta kamo hannuwan Mama biyu ta ɗora su a bayan nata, ta ja mayafinta ta lulluɓe su duka. A ƙarƙashin mayafin, a hankali, ta yi alamar: kin gaji? Mama ta haɗe gira tana dubanta. Malama ta sake yi. Ta ji busassun yatsun nan suna bin nata, suna laluben inda kowane ya lanƙwasa. A karo na uku Mama ta girgiza kai, a'a, ban gaji ba, har ta fara murmushin wanda ya ci wasa.

Murmushin bai ƙarasa ba. Ta zare hannu ɗaya, ta dubi 'yarta ta daɗe, sannan ta nuna kunnen Malama. Malama ta gyaɗa kai.

Mama ta miƙa hannu ta bayan wuyan Malama ta sakar wa Dogo ranƙwashi a tsakar ka.

"Wayyo! Ni me na yi? Ke kika ce in faɗa!" Ya faɗa da baki, ya manta da hannu. Wata mata a kujerar gaba ta waiwayo ta ce, "Ƙara masa, Mama, ba sa girma a wajen uwa."

Malama ta yi dariya hawaye na zuba. Ta ɗaga hannu a fili, kusa da idon Mama na hagu, ta ce: zan zauna. Ba zan tafi ba.

Mama ta kama hannuwan ta sauke su. Wannan karon ita ta ɗora na Malama a bayan nata, ta rufe idanunta ruf, ta yi alama ɗaya da ƙarfi har sai da gwiwar hannunta ta bugi taga: tafi. Ta sake yi, don kar a ce ba a ji ba. Sannan, idonta a rufe, ta lalubo hannun Dogo, ƙaton hannu mai kanta da baƙin mai a ƙarƙashin farce, ta jawo shi ta cusa tsakanin nasu.

Malama ta dubi hannun. Ta gane abin da ake nufi, kuma ya yi mata ciwo fiye da duk abin da ta ji tana kallon bango. Wata rana za ta kira daga can, ta yi magana da baki kamar kowace baƙuwa, wannan hannun ne zai kai wa Mama, shi ne kuma zai dawo mata da amsa. Abin da ya ga dama ya rage wa gishiri, ba za ta sani ba.

Ta ja hanci, ta gyara zama, ta daki bayan hannun ƙanenta.

"Saki yatsun, ba sifana ka riƙe ba," ta ce. "Mu fara da sunana."