Robar Da Ba A Zare Ba

Dogo direban injin ɗaga kaya ne a wurin gini, irin wanda sai an hau doguwar matakala kafin a kai kujerarsa. Wanda ya hau da safe ba ya saukowa sai yamma, don haka ya horar da kansa ƙin shan ruwa. Matarsa ta yi mita har ta gaji, shi kuwa kunnen ƙashi gare shi.

Bara tsakuwa ta toshe masa hanyar fitsari ta hagu. Likita ta fasa ta, ta saka masa wata siririyar roba daga ƙoda zuwa mafitsara, ta ja masa kunne ya dawo bayan sati shida a zare. Da ranar ta zo ya fita da sassafe, ya dawo ya ce an zare. Matar ta yi hamdala, ta manta da zancen.

Wata goma sha huɗu ke nan. Yanzu kwana uku yana zazzaɓi, fitsarin ɗis-ɗis, ja kamar ruwan wankin nama. Matar ce ta riƙo shi har ofishin likitar, ta zaunar da shi yana dafe da kwiɓi.

Likitar ta juyo musu da hoton cikinsa da aka ɗauka. Wani farin abu ne miƙe, duk ya yi ƙuraje. Ta ce robar ce, tsakuwa ta taru ta lulluɓe ta, fitsari ya rasa hanya ya koma ya kumbura ƙodar.

"Wace roba kuma, likita? Ai an zare," in ji matar.

Ta juya ta dubi mijinta, shi kuma ya zuba wa ƙasa ido. Da ƙyar ya buɗe baki. Wai ranar aka zuba kankaren hawa na tara, ba mai tuƙa injin sai shi, ga shi ba inda yake masa ciwo. Ya ce a ransa sai sati mai zuwa. Daga baya kuma kunyar gaya mata ya yi ƙarya ta hana shi.

Haushi ya turnuƙe ta, tausayi ya danne haushin, ta rasa wanda za ta bi. Shekara ashirin tana jin ba abin da yake ɓoye mata. Ta tambayi likitar ko in an zare yau ƙodar za ta farfaɗo.

"Yau za mu zuƙe ruwan da ya taru, don kada cutar ta shiga jini. Amma ta hagu ta daina aiki. Ta dama muke ƙoƙarin karewa."

Dogo ya ɗago, idanunsa sun kaɗa.

"Maman yara, aikin minti nawa ne zare ta a lokacin?"

Matarsa ya tambaya, amma likitar ce ta amsa, tana miƙo takardar da za su sa hannu.

"Minti biyar."