Kwamfutar da Ba Ta Lalacewa a Gabana

Ranar da Auta za ta tafi jami'a, ranar ce babbar kwamfutar asibitinmu ta ga damar sake sandarewa. Auta ita ce 'yata ta ƙarshe, kuma na yi mata alkawari ni zan kai ta tasha da kaina, in ɗora mata akwati, in tsaya har motar ta tashi. Motar bayan la'asar ce, makarantar kuma da nisa, ba za mu sake ganin yarinyar ba sai dogon hutu. Ina shirin fita in duba iskar tayoyi da safe sai ga kiran Manaja.

"Injiniya, ta sake fa."

"Ranka ya daɗe, yau hutuna ne."

"Na sani. Ga mutane nan cike da benci, an kasa ajiye hoton kowa."

Na ce wa uwar yara yanzun nan zan dawo. Tana ninke wa Auta zannuwan gado, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ɗakin da kwamfutar take ɗan ƙuƙumi ne a bayan wurin karɓar magani, ba taga, sai na'urar sanyi mai ɗiga a cikin wani tsohon bokiti. Kujerar ma ƙafarta ɗaya gajeriya ce. A kwamfutar nan ake tara duk hotunan da aka ɗauki marasa lafiya, na ƙashi da na ciki, daga nan likitoci suke buɗewa su duba. Sabuwa ce, ƙwaƙwalwa huɗu gare ta, Manaja kuma yana ji da ita kamar ɗansa. Amma tunda aka kawo ta, in ta bushi iska sai ta tsaya cik, ta rubuta a allo cewa katin da ke sarrafa faifan ajiya ya daina amsawa. A kashe, a kunna, ta ci gaba kamar ba ita ba.

Abin da ya fi cina rai shi ne ba ta taɓa yin haka a gabana ba. Wallahi ko sau ɗaya. In na zauna na tura mata hotuna, sai ta karɓe su lafiya lau, ina fita shan ruwa a biyo ni da gudu. Har Sista, babbar ma'aikaciyar jinyarmu, ta fara tsokanata wai a buga hotona a manna a jikinta, tunda ni kaɗai take jin kunya.

A makonnin baya na canja wayar da ta haɗa katin da faifan. Na zare katin, na goge haƙoransa, na mayar da shi wani ramin. Na canja faifan ɗungurungum. Na zargi wuta, na zargi zafi, na zargi mai shara, Allah ya yafe mini. Saura abu guda, ƙaramar manhajar da ke shiga tsakanin kwamfutar da katin, wadda muke kira direba. Na ma taɓa umartar direban ya riƙa rubuta duk motsin da ya yi don in kama shi. Yana fara rubutun sai ciwon ya ɓace, saboda rubutun na rage masa gudu. Ina kashewa ya dawo. Kai, na gaji da kwamfutar nan, gajiyar da ko barci ba ya sauke ta.

Da hantsi na tashe ta, na bar ƙofa a buɗe, na tsaya a bakin ƙofar maimakon in zauna, don bayana ya riƙe. Daga nan ina hango ɗakin hoton ƙashi a dama, na hoton ciki a hagu. Wani tsoho ya fito daga na dama yana gyara riga, wata mai juna biyu ta fito daga na hagu a daidai lokacin. Na waiwaya, allo ya sandare.

Na ce, "Sista, zo mana. Je ki ce wa na dama da na hagu su jira, in na ɗaga hannu su danna ajiyewa tare."

"Yau kuma wasan yara za mu yi?"

"Ke dai je ki."

Na tashe ta, na ɗaga hannu, ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. Na ce su yi ɗaya bayan ɗaya, ba abin da ya same ta. Ashe duk gwajin da nake yi ni kaɗai nake yinsa, aiki ɗaya a lokaci ɗaya, shi ya sa take mini ladabi. Katin nan daga tsohuwar kwamfutarmu aka ciro shi don a rage kashe kuɗi, direbansa kuma an rubuta shi ne tun zamanin da kwamfuta ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta. In ƙwaƙwalwa biyu suka miƙo masa aiki tare, sai ya karɓi ɗaya ya yar da ɗaya, kamar mai shagon da aka yi wa magana biyu a lokaci guda. Wadda aka yar da nata aikin ta zauna jira, sauran su jira ta, shi ke nan kowa ya tsaya.

Ban ji wani daɗi ba, in faɗi gaskiya. Haushi na ji, da yunwa.

Kamfanin da ya ƙera katin yana da sabon direba, amma sun rubuta ƙarara cewa na gwaji ne. Kafin in sauke shi da intanet ɗinmu mai rarrafe, in kwafe hotunan mutane gefe don tsaro, in ɗora, in gwada, magariba ta yi. Ga azahar har ta gota. Akwai kuma gajeriyar hanya: in kashe ƙwaƙwalwa uku in bar ɗaya. Za ta yi nauyi, likita zai danna hoto ya jira, amma ba za ta mutu ba.

Duk wanda ya yi irin aikinmu ya san yadda hannu yake ƙaiƙayi a irin wannan lokaci. Ka gano ciwon, maganin na gabanka, zuciya tana ce maka ka ƙarasa kawai, ai bai fi ɗan lokaci ba. Har na buɗe shafin kamfanin. Sai na rufe, na kashe ukun, na tashe ta a kan ɗaya. Na ɗaga wa Sista hannu har kafaɗata ta gaji, kwamfuta ko gezau.

Manaja ya tare ni a baranda. "Wai huɗu na saya, ka bar mini ɗaya?"

"Ɗayar tana aiki, huɗun ba sa yi. Litinin in gyara sauran."

"Injiniya, ka ƙarasa mana yau, ai kai ne..."

"Ranka ya daɗe, 'yata za ta tafi. Ko gobara ta tashi a ɗakin nan, a nemi ruwa, kada a neme ni."

Tunda na fara aiki a wurin ban taɓa yi masa magana haka ba. Na shiga mota ina jin kaina kamar wani jarumi. Na tsaya a hanya aka ƙara wa taya iska, na sayo wa Auta cajar waya, don tata sai an ɗaure ta da roba take ci. Na iso gida da sauran lokaci sosai, har na yi hon sau biyu a ƙofa.

Ba wanda ya leƙo. Na shiga na tarar da uwar yara a ɗakin Auta tana share ƙarƙashin gado. An yaye zanen katifa, teburin karatu fayau, akwatunan babu.

"Ina take?"

Ta miƙe tana riƙe da ƙugu. "Au, ka dawo? Ai sun tafi. Kawunta ya zo ya ɗauke ta."

"Wane kawun? Da wace motar?"

"Dogo mana. Tasi ya ɗauko. Da yake zai koma kasuwa, sai suka fita da wuri, suka samu motar azahar da sauran wuri. Ta kira ni, har sun fita gari."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ba na ce yanzu zan dawo ba? Don na fita da safe shi ne za ku kira mini wani? Ga ni nan, na baro aiki rabi, na yi wa Manaja tsawa saboda ita!"

Ta jingine tsintsiyar a bango. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ba yau aka kira shi ba, Baban Auta. Tun ranar da ka yi mata alkawarin ta yi masa magana."

Na zauna a kan katifar da ba zane, ledar cajar a hannuna. Na kira Auta a waya, ƙarar mota na tashi a bayanta.

"Baba! Sannu da aiki. Ta gyaru?"

"Auta, ina gida. Na zo in kai ki."

Sai muryarta ta sauya, irin ta wanda ya taka ƙafar babba bai sani ba.

"Ayya, Baba, yi haƙuri. Wallahi ban zaci za ka zo ba."