Wuƙar Jirgin Gaba

Idan uba ya sare igiya, ɗansa ya tafi a ruwa, jirgi guda na mutane ya tsira, wace gaisuwa za a yi masa? Sannu da ƙoƙari, ko Allah ya ba da haƙuri? Na yi shekaru ina juya wannan tambaya a shagona, ina gyaran rediyo da fanka, ban kai ƙarshenta ba. Waɗanda suka zo mana ta'aziyya ma ba su sani ba. Na ga wani dattijo ya durƙusa gaban Baba, ya buɗe baki, ya rufe, ya kama hannunsa kawai. Matar dattijon da jikokinsa suna cikin jirgin da ya tsira.

Sana'ar Baba ita ce ƙetarar da mutane a babban kogi. Jirgi biyu ne. Na gaba yana da inji, shi ke ɗaukar fasinja. Na baya faffaɗa ne, ba inji, shi ke ɗaukar buhuna da babura da awaki, mutum ɗaya yana tsaye a gindinsa da dogon filafili yana daidaita shi. Igiya mai kaurin tsintsiyar hannu ta haɗa su. Idan na baya ya sha ruwa ko ya maƙale, zai janyo na gaba su nutse tare. Shi ya sa igiyar take bi ta kan wani gungume a bayan jirgin gaba, kuma shi ya sa matuƙi ba ya fita sai da wuƙa a ƙugunsa.

Na taɓa ɗaukar wuƙar. Tsawonta daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu. Da ƙarfen sifirin na ƙarƙashin mota aka ƙera ta, ƙarfe ɗaya tun daga tsini har ƙarshen ƙota, babu gaɓa, babu abin da zai naɗe ko ya kwance. An nannaɗe ƙotar da zare mai kaushi don kada jiƙaƙƙen hannu ya zame. Nauyinta yana can wajen kai, idan ka ɗaga ta sai ka ji kamar ita ce take neman saukowa.

Masu jan jirgi suna da wata ƙa'ida. Matuƙin gaba ba ya wasa wuƙarsa. Wanda zai tsaya a jirgin baya, wanda za a yanke idan abin ya zo, shi ne zai wasa ta kowace safiya, ya miƙa masa da hannunsa.

Yayanmu ne yake tsayawa a baya. A tsakar gida yake wasa ta, Inna tana tsiyaya masa ruwa daga buta a kan dutse, yana tsokanarta wai tana rowar ruwa ga kogi guda a bayan gida. Haka suka yi a safiyar ranar da muka rasa shi. Da hantsi ruwa ya kawo wata ƙatuwar bishiya da ambaliya ta tumɓuke, ta shiga ƙarƙashin jirgin baya ta kifar da shi. Bayan jirgin gaba ya fara shan ruwa, mata suna ihu. Baba ya zare wuƙar ya sara.

Inna ba ta taɓa ce wa Baba uffan a kan wannan ba. Ta ci gaba da kai masa abinci da ruwan wanka kamar da. Amma ta naɗe wuƙar a tsohon zane ta sa a ƙasan akwatinta, ta ce ba za a sake wasa ta a gidan nan ba muddin tana numfashi. Dutsen ma ta sa aka kifa shi, ta ɗora randa a kai. Da aka tsamo jirgin baya, Baba ya janye shi ya ajiye a gaɓa, ya koma ɗaukar fasinja kaɗai.

Haka muka zauna har ƙaramin gidanmu, Auta, ya girma ya yi aure. Idon Baba ya yi yana, ganinsa ya ragu, sai Auta ya karɓi injin. Ni tun farko ba a lissafa ni, don ko a cikin jirgi a ɗaure nake jin jiri. Na-tudu suke ce mini.

Sai bana gadar da ke can sama da gari ta tsage, aka rufe ta. Kaya suka taru a bakin ruwa, tumatir yana ruɓewa a kwando, masu shi suna zaune suna kallo. Auta ya tara mutane suka sauko da jirgin baya, ya toshe ramukansa ya shafe shi da kwalta. Amma duk wanda ya nema ya tsaya a baya sai ya tuna yana da wani uzuri. Kowa ya san labarin.

"Ni zan tsaya," in ji Baba, muna cin abinci a zaure. "Aikin baya ba na ido ba ne. Tafin ƙafa ne ke jin ruwa."

Auta bai yi musu ba, don ya san babu wanda ya fi shi iyawa. Ya sa hannu a aljihu ya ciro wata wuƙa mai naɗewa, sabuwa fil, ya latsa ta buɗe tana ƙyalli.

"Ga tawa. Ka ga ba sai an tayar wa Inna hankali ba."

Baba ya karɓa ya lalube ta da yatsu. "Kyakkyawa ce. Farce za ka yanke wa fasinja?"

"Baba, ƙarfen waje ne fa. Ko gashi tana askewa."

"To taso mu gani. Na-tudu, ɗauko mana guntun igiyar nan da ke cikin ruwa."

Na shimfiɗa jiƙaƙƙiyar igiyar a kan wani itace a tsakar gida. Baba ya sa Auta ya naɗe wuƙar ya mayar aljihu, ya goga sabulu a hannu, ya riƙe turken rumfa da hagu.

"Wannan turken shi ne sandar tuƙinka. Ka sake shi, jirgi ya juya, kowa ya tafi. Bismilla, yanke."

Auta ya yi ta lalube a aljihu. Wuƙar ta fito ta suɓuce ta faɗi. Ya ɗauka, ya sa haƙori ya buɗe. Ya hau goga ta a kan igiyar kamar mai zarto, zaren yana tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfen yana rawa a gaɓarsa. Na ce masa ya yi a hankali, in ya gama zuwa jibi ya aiko mini. Ya harare ni.

"Bari haka," in ji Baba. "Tun kana neman aljihu muka nutse. Ka ji abin da ya sa ake ƙera ta babba, ƙarfe ɗaya. Hannu ɗaya gare ka, sara ɗaya gare ka. Ƙarfinka ba zai isa ba a wannan lokacin, nauyinta ne zai yi aikin."

Auta ya wanke hannunsa a hankali, bai ɗago kai ba. A nan na gane ba kuskure ya yi wajen sayen wuƙar ba. Ya san ba za ta yanke ba, shi ya sa ya zaɓe ta.

"Kana so in ɗaura abin da zan sare ka da shi," ya ce.

"Ina so ka ɗaura abin da za ka fitar da mutane da shi."

"Duk ɗaya ne, Baba."

"Ɗaya ne," in ji Baba. "Ban ce maka ba ɗaya ba ne. In wancan ƙarfen na cikin akwati ne ba ka so, maƙeri yana nan."

"Ko wane ƙarfe ne. Ranar da Inna ta ɗaura mini da hannunta, zan ɗauka. In ba haka ba, gobe da wannan zan fita."

Ya faɗi haka ne don ya san ba za ta yi ba. Inna tana bakin murhu, ta ji komai. Baba ya juya wajenta ya ce, "Uwar yara, kin ji ɗanki."

"Na ji," ta ce. "Na tsiyaya ruwa sau ɗaya, na ga abin da ya biyo baya. Ku nemi wata."

Na koma shago amma ban iya ɗaure ko waya ɗaya ba. Gobe jirgi zai tashi cike da mutane, babu wanda zai san abin da ke aljihun matuƙi ba zai yanke igiya ba. Na tambayi kaina ko Auta yana da iko ya fanshi ubansa da rayukan da ba a tambaye su ba. Na kuma tambayi kaina ko ni zan iya sauke hannun. Wuƙa mai naɗewa tana ba mutum damar sake tunani yayin da yake buɗe ta. Waccan kuwa, wanda ya ɗaura ta da safe ya riga ya gama tunaninsa tun yana tudu. Na tattara hujjoji a kaina, na jera su, na nufi gida bayan la'asar, na fara zayyana wa Inna.

Ban kai ga ta biyu ba Inna ta ɗaga hannu. "Na-tudu, ajiye wannan lacca taka. Ɗauko mini mayafi, raka ni bakin ruwa."

Tun ranar da abin ya faru ba ta taka wurin ba. Muka ratsa tsakanin kwanduna da buhuna. Mata masu kayan suka riƙa gaishe ta, wata da goyo ta ce, "Mama, gobe ɗanki zai fitar da mu, ki sa mana albarka." Inna ta amsa da kai. Ta kama hannuna ta hau jirgin gaba, ta bi tsakanin bencina har baya, ta tsaya a gaban gungumen.

Shatin saran Baba yana nan. Rana da ruwa sun cinye fuskar itacen, amma ba su shafe shi ba. Layi ɗaya ne, miƙaƙƙe, ba tsaga a gefe. Ta sa ɗan yatsanta a ciki, ya shige har gaɓa. Ta bi shi daga wannan kai zuwa wancan.

"Sara nawa ya yi?"

"Ɗaya, Inna."

"Ta ratsa igiya mai wannan kauri, ta kuma shiga itace haka?"

"Haka ne."

Ta daɗe ba ta cire yatsan ba. Ruwa yana dukan cikin jirgin a hankali.

"Yana wasa ta yana mini dariya," ta ce. "Na ɗauka wasan yara yake yi. Ashe bai rage komai ba."

Ni da nake ganin na karanta duk wani littafi da ya faɗo hannuna, ban taɓa duban shatin ta wannan fuskar ba. Kullum hannun Baba nake gani a cikinsa. Ita kuwa aikin ɗanta ta gani. Muka dawo gida.

Da gari ya waye, Auta yana ɗaura takalmi, Baba yana zaune da filafilinsa a kan cinya, sai Inna ta kira ni.

"Sauke randar nan. Juya dutsen."

Na juya shi. Ƙwari suka watse daga ƙarƙashi, kwarmin da wuƙa ta yi masa yana nan sumul. Ta shiga ɗaki ta fito da tsohon zanen, ta warware, ta miƙa wa Baba ta wajen ƙota. Tsatsa ta ɗan taɓa bakin. Baba ya tsuguna, ya lalubi dutsen, ya kwantar da ƙarfen a kai. Inna ta ɗauki buta ta fara tsiyayawa.

Ƙarar ƙarfe tana tashi a kan dutse, baƙin ruwa yana gangarawa ƙasa. Can Baba ya gwada a bayan hannunsa, gashi ya zube. Ya yunƙura zai tashi.

"Ƙara, maigida," ta ce. "Wajen kan bai yi ba."

Ya dube ta da idanunsa masu yana, ya koma ya tsuguna. Da ya gama ya mayar da ita kube, ya miƙa wa Auta da hannu biyu. Auta ya tsaya, hannayensa a baya.

"Inna, kin san abin da..."

"Na fi ka sani. Ɗaga rigarka."

Ta karɓi kuben daga hannun Baba, ta zagaya maɗaurin a ƙugun Auta, ta ja ta ƙulle. Sannan ta gyara zaman ƙotar zuwa dama, daidai inda hannunsa zai same ta ba sai ya duba ba.