Ƙyallen da Ba a Wanke Ba

Tasi'u yana cikin bugun ƙyalle a bayan marina, gudumar katako tana sauka tim-tim a kan kututture, sai tsoho Okabe, mai marinar, ya turo ƙofa da yatsa a kunne.

"Kai Tasi'u, rini kake yi ko gidan za ka rushe mini? Matar maƙwabci ta leƙo sau biyu."

"Saura kaɗan, Maigida."

"Jiya ma saura kaɗan ne."

Shekara bakwai ke nan da Tasi'u ya baro garin Kura ya tsallaka ƙasar waje, ya zo birnin Tokushima aiki a hannun tsohon nan. Ya zo da taƙamar shi jikan marina ne, aka miƙa masa bokiti. A gidan Okabe doka ɗaya ce: duk abin da aka rina sai an yi ta ɗauraya har ruwan ya fito garau, sannan a buga masa hatimin gida. Tasi'u ya koyi wannan har ya fi masu shi iyawa, kuma yana son aikin tsakani da Allah. Amma bana da aka ce shi zai yi ƙyallen da gidan zai kai baje kolin gari, sai ya rina shi irin na Tokushima, tsoma arba'in, ya kuma ƙi wankewa. Ya barbaɗa shuni ya hau bugu irin na kakansa, har ƙyallen ya yi baƙi wuluk yana walƙiya.

Da hantsi Madam Shinohara, mai tace kayan baje kolin, ta iso da fararen safar hannunta. Ta durƙusa ta ɗaga gefen ƙyallen.

"Malam Tasi'u, na zaci za mu ga wani abu na Afirka. Ɗan ja, ɗan rawaya, ko raƙumin dawa."

"Ranki ya daɗe, ni ma sai da na zo ƙasar nan na fara ganin raƙumin dawa, a gidan zu."

Okabe ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ita kuwa ba ta yi ba, domin ta juya tafinta ta ga safar ta koma shuɗiya.

"Af! Ai yana zuba!"

"Haka ake son sa. A wurinmu idan bai bar shuni a jikin mai shi ba, an cuce shi."

"To nan ba wurinku ba ne. Mutane taɓa kaya suke yi a babban zaure. A wanke shi kafin Juma'a, sai in rataye shi a tsakiya."

Tasi'u ya san abin da ruwa zai yi. Walƙiyar za ta tafi, a bar shi da kyakkyawan shuɗin ƙyalle irin wanda kowa a garin ya iya. Ya kuma san tsakiyar zauren nan ita yake mafarki tun ranar bokiti. Ransa ya ɓaci ƙwarai.

"Ba zan wanke ba."

"In haka ne sai dai baranda, kusa da inda ake ajiye lema, tare da kayan 'yan koyo."

"Akwai haske a barandar?"

Ta dube shi. "Akwai taga."

"Ta ishe ni."

Ta zaro katin da ake liƙawa jikin kaya ta miƙa wa Okabe ya buga hatimi. Tsohon bai karɓa ba. Ya jawo ƙyallen kusa da ƙofa, ya karkata shi ga rana, ya daɗe yana kallo, ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu.

"Tun zamanin kakana hatimin gidan nan bai taɓa hawa ƙyallen da ba a wanke ba," ya ce. "Ba kuma zai fara a kaina ba."

Tasi'u ya sunkuyar da kai. "Na ji, Maigida."

"Me ka ji, sarkin taurin kai? Ban gama ba." Okabe ya karɓi katin ya ajiye a gabansa, ya ɗora alƙalami a kai. "Wannan ban koya maka ba, ban kuma iya ba. Yaya zan sa sunana? Mai aiki ya sa nasa."

A shekara bakwai, ko hankici bai taɓa fita daga gidan nan da sunan Tasi'u ba. Ya goge hannu a wando ya ɗauki alƙalamin. Ya rubuta sunansa, ya zo layin da aka ce a sa garin mai aiki, ya tsaya.

"Layin ɗaya ne," in ji Madam Shinohara.

Ya ƙanƙanta rubutunsa, ya sa Kura da Tokushima duka biyun.